Nazarin Lamari: Wata 48 na Jinyar Cutar PAP a Huhun Wani Mutum Mai Shekara 46

Asalin lamarin

Majinyacin namiji ne mai shekara 46, nauyinsa kilo 78 ranar da ya fara zuwa asibiti. Magini ne, ya daɗe yana aiki cikin ƙurar siminti da yashi, kuma ya yi shekara 20 yana shan sigari kusan kwali guda a rana. Ba shi da asma, ba shi da ciwon suga ko na zuciya, ba ya kan wani magani na yau da kullum. Duk watannin da za a ambata an ƙirga su ne daga wannan zuwan na farko.

Cutar da aka gano yana da ita daga baya, likitoci suna kiranta pulmonary alveolar proteinosis, PAP a taƙaice. A cikin jakunkunan iska na huhu akwai wani maiko mai suna safaktan, wanda yake hana jakunkunan manne wa juna idan an fitar da numfashi. Huhu kullum yana yin sabo, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makurofaj kuma suna haɗiye tsohon su narkar da shi. Makurofaj ba sa ƙosawa su iya wannan aiki sai da wani sinadari na jiki mai suna GM-CSF. A kusan kashi 90 cikin 100 na masu PAP, garkuwar jikin mutum ce take ƙera antibodi, wato furotin ɗin da take yaƙar ƙwayoyin cuta da shi, amma a nan yake kama wannan sinadari ya hana shi aiki. Daga nan tsohon maiko sai ya yi ta taruwa har ya cike jakunkunan, iskar oksijin ta kasa ratsawa zuwa jini. An fara bayyana cutar a 1958. A 1994 aka ga ɓerayen da aka cire wa GM-CSF sun kamu da irinta, a 1999 kuma masu bincike a Japan suka gano antibodin a jinin majinyata. Ƙididdigar Japan da ta Amurka sun nuna kimanin mutum 6 zuwa 7 ne cikin miliyan suke da ita.

Wata na 1 zuwa na 5: nimoniya, sannan tibi

Ya zo da haki idan ya hau bene ko ya ɗauki kaya, da busasshen tari na kusan wata uku. Babu zazzaɓi, babu jini a kaki. Oksijin da aka auna a yatsa kashi 93 ne yana zaune, ya sauka zuwa 86 bayan tafiyar minti shida. Abin da ya ɗaure kai tun ranar shi ne, da aka sa abin sauraro ƙirjin kusan lafiya lau yake, amma hoton ƙirji ya nuna farin hazo a huhu biyun, ya fi kauri ta tsakiya.

An ɗauka nimoniya ce. Aka ba shi amoxicillin da clavulanate na kwana 7, da ba a ga sauyi ba aka ƙara azithromycin na kwana 5. Hoton da aka sake bayan mako shida bai bambanta da na farko ba. Gwajin kaki na tibi ya fito babu har sau biyu, gwajin ƙanjamau babu, hoton zuciya lafiya. Duk da haka aka ɗora shi kan magungunan tibi guda huɗu a matsayin gwaji, tunda hoton ya ƙi washewa kuma ya ɗan rame. Ya sha na mako takwas. Haki bai ragu ba, sinadaran hanta a jini suka haura ninki huɗu, ya fara tashin zuciya, aka dakatar.

Wata na 6 zuwa na 8: prednisolone

A wata na 6 aka yi hoton CT. Ya nuna hazo yanki-yanki, da iyaka a fili tsakanin inda ya kamu da inda yake lafiya, ga kuma layuka masu kauri da suka kekketa hazon, irin tsarin da masu karanta hoto suke kamantawa da daɓen fasassun duwatsu. An fassara shi a matsayin kumburin naman huhu da ƙura ta haddasa, aka fara prednisolone, maganin sitiroyid mai danne kumburi da garkuwar jiki, miligiram 40 a rana, wato kusan rabin miligiram ga kowane kilo. Ba a leƙa huhun da bututu ba kafin a fara.

Makonni biyun farko ya ce ya ji ƙarfi, cin abinci ya dawo. Ma'aunai ba su bi bakinsa ba: oksijin na yatsa ya tsaya a 91 zuwa 92, sugan jini na safe ya hau. A mako na bakwai zazzaɓi ya rufe shi, ma'aunin zafi 38.9, tarin ya koma mai kaki ruwan ɗorawa, ga ciwo a ƙirjin dama. Sabon CT ya nuna ƙullutu mai rami a ciki, faɗinsa santimita 3, a saman huhun dama. Aka kwantar da shi, aka sa masa oksijin lita 4 a minti.

Wata na 8 zuwa na 10: gano cutar da jinyar Nocardia

A wannan kwanciyar aka zura bututu mai kyamara aka ɗauraye wani yanki na huhu. Ruwan da ya dawo fari ne mai kauri, kalar madara, da aka ajiye shi ya yi guggubi a gindin kwalba. A madubin ɗakin gwaji an ga makurofaj sun kumbura da maiko, da tarkacen da ya kama wani rinin gwaji mai suna PAS. Wannan ya tabbatar da PAP. Saura sanin irinta, domin ƙurar yashi mai yawa da cututtukan ɓargo su ma suna haddasa ta ba tare da antibodi ba, kuma maganin da za a zo kansa nan gaba ba ya aiki a kan waɗannan. Ƙididdigar ƙwayoyin jini ta fito daidai. Aka aika jini zuwa ɗakin gwaji na musamman, bayan mako uku sakamako ya dawo: antibodin GM-CSF maikirogiram 68 a kowane mililita, alhali iyakar da ake amfani da ita 5 ce. Yawan antibodin yana tabbatar da nau'in cutar ne kawai, ba ya nuna tsananinta, saboda haka ba da shi ake bin ci gaban jinya ba.

Daga ruwan huhun kuma wata ƙwayar bakteriya mai suna Nocardia ta tsiro. An gaya wa ɗakin gwaji tun farko su riƙe farantan shuka har mako uku, domin ƙwayar tana da jinkirin tsirowa, idan aka zubar a kwana biyu ko uku kamar yadda aka saba sai a ce babu komai. Tana kuma ɗan kama rinin da ake neman tibi da shi, abin da kan sa a rikita su. Tunda Nocardia tana yawan tsallakawa ƙwaƙwalwa ba tare da alama ba, an yi hoton MRI na kai, ya fito lafiya.

Aka fara co-trimoxazole, ƙwaya mai ƙarfi biyu sau uku a rana, wanda ya kama miligiram 960 na trimethoprim, ɗaya daga sinadaransa biyu, ga mutum mai kilo 72 a lokacin. A kwana na tara sinadarin potasiyam ya kai 5.7, gwajin ƙoda ma ya ɗan motsa, aka rage zuwa ƙwaya biyu sau biyu, ana duba jini duk mako har ya daidaita. An tsara zai sha wata 12. Prednisolone kuwa ba a yanke shi lokaci guda ba, domin bayan mako bakwai jiki ya rage yin nasa sinadarin, yankewa farat ɗaya na iya faɗar da hawan jini ƙasa. An janye shi a hankali cikin mako biyar.

Ma'aunan da aka ɗauka a wata na 9, waɗanda aka riƙa kwatanta komai da su: oksijin na jinin jijiya 56 a ma'aunin mmHg, wanda ya bambanta da na yatsa, ba tare da ƙarin iska ba, giɓin oksijin tsakanin jakar iska da jini 51, gwajin ratsawar iska na DLCO kashi 41 na abin da ake sa rai, girman numfashi kashi 72, tafiyar minti shida mita 310. A ma'aunin tsananin PAP mai hawa biyar, yana hawa na huɗu.

Wata na 11: wankin huhu na farko

Ba a yi wankin ba sai da zazzaɓi ya daɗe da sauka kuma ramin huhun dama ya tsuke, domin cika huhu da ruwa alhali ƙwayar cuta tana kan ganiyarta na iya watsa ta zuwa sauran sassa. Dabarar wankin ta samo asali ne tun shekarun 1960, kuma har yau ita ce hanya mafi sauri ta fitar da abin da ya taru.

An sa shi barci, aka zura bututu mai hanya biyu wanda yake raba huhun dama da na hagu, aka tabbatar da kyamara cewa babu yoyo tsakaninsu. Na'ura tana hura huhu ɗaya da oksijin zalla, ɗayan ana zuba masa ruwan gishiri mai ɗumin jiki, digiri 37, kusan lita guda a kowane zagaye, ana bubbuga ƙirji, sannan a sauke tiyo ruwan ya dawo da kansa. Huhun hagu aka fara, shi ya fi cika kuma ba shi ne mai ramin ba. Ya ci lita 16 kafin ruwan ya dawo garau. Ana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita a kowane zagaye, don idan giɓi ya yi yawa to ruwa yana zurarewa zuwa ɗayan huhun ko cikin kogon ƙirji.

Oksijin na yatsa ya riƙa faɗuwa zuwa 82 ko 84 duk lokacin da ake sauke ruwan, ya dawo 92 idan an cika. Haka abin yake: nauyin ruwa yana matse jijiyoyin huhun da ake wankewa ya tura jini zuwa wanda ke numfashi, da an sauke ruwan kuma jinin ya koma huhun da babu iska a ciki. Sai aka gajarta lokacin saukewa. Ya yi zazzaɓi na dare ɗaya, washegari aka cire bututu. Bayan mako uku aka wanke na dama da lita 18.

Mako huɗu bayan haka oksijin na jini ya kai 76, giɓi 28, DLCO kashi 60, tafiya mita 430. Ya ajiye tukunyar oksijin ya koma aiki mara ƙura. Sigari ya rage zuwa kara biyar a rana, bai bari ba.

Wata na 12 zuwa na 20: cutar ta dawo

Tsugune ba ta ƙare ba. Daga wata na 16 haki ya fara dawowa, a wata na 18 oksijin ya sauka zuwa 62, giɓi 44, DLCO kashi 47, hazon CT ya koma kusan yadda yake. Aka sake wanke huhu biyun a wata na 19, oksijin ya koma 73. A wata na 20 ya kammala maganin Nocardia, ramin ya warke ya bar ɗan tabo.

A nan aka zauna kan batun magani, tunda wata bakwai kawai wankin farko ya riƙe shi. Hanyoyi huɗu aka duba. Shaƙar GM-CSF ita ce ta fi hujja, amma a lokacin asibitin bai samu hanyar samo maganin ba. Allurar GM-CSF ƙarƙashin fata kullum ta taimaki kusan rabin waɗanda aka gwada a ƙananan bincike, sai dai maganin dai shi ne wanda babu, kuma tana cin fiye da abin da shaƙa take ci, ga kumburin wurin allura da ciwon ƙashi. Tace ruwan jini don cire antibodi hujjarsa rahotannin mutum ɗaya-ɗaya ce, yana buƙatar zama da yawa da babban bututu a jijiya, antibodin kuma yana dawowa. Sai rituximab, wanda yake a hannu.

Wata na 21 zuwa na 27: rituximab

Rituximab yana kashe ƙwayoyin garkuwa nau'in B masu ɗauke da alamar CD20, waɗanda daga cikinsu masu ƙera antibodi suke fitowa. Wani ƙaramin gwaji na mutum 10 da aka buga a 2011 ya nuna oksijin ya gyaru a yawancinsu, amma babu rukunin kwatance, kuma rahotannin da suka biyo baya ba su yi armashi haka ba.

Kafin a fara an duba ciwon hanta nau'in B, domin maganin yana iya tayar da wanda ya kwanta, aka auna yawan antibodi na kariya a jini, aka yi masa rigakafin mura da na nimoniya mako huɗu kafin ƙarin farko. An ba shi miligiram 1000 ta jijiya, aka maimaita bayan kwana 15, kowane ƙari da paracetamol da maganin ƙaiƙayi da methylprednisolone miligiram 100 sau ɗaya a gabansa. A ƙarin farko fuskarsa ta yi ja, maƙogwaro ya yi ƙaiƙayi, aka tsayar na rabin awa aka ci gaba da rabin gudu. Saboda tarihin Nocardia, an bar shi kan co-trimoxazole ƙwaya ɗaya a rana.

Ƙwayoyin B sun ɓace daga jini kamar yadda ake so. Antibodin GM-CSF ya sauka daga 68 zuwa 51, har yanzu ninki goma na iyaka. Huhu bai amfana ba: a wata na 27 oksijin 60, DLCO kashi 45, ya koma kan oksijin idan zai yi tafiya. Ba a maimaita maganin ba.

Wata na 28 zuwa na 41: wanki na uku da shaƙar sargramostim

GM-CSF da ake sarrafawa iri biyu ne. Sargramostim ana samar da shi daga yis, molgramostim daga bakteriya. Gwajin PAGE na Japan, wanda aka buga a 2019 kan mutum 64, ya yi amfani da sargramostim maikirogiram 125 sau biyu a rana, kwana 7 ana shaƙa kwana 7 ana hutu, tsawon mako 24. Giɓin oksijin ya ragu da 4.5 a masu magani, bai motsa ba a masu shaƙar ruwan da babu magani a ciki. Gwajin IMPALA na 2020 kan mutum 138 ya gwada molgramostim maikirogiram 300 sau ɗaya a rana, giɓin ya ragu da 12.8 a masu shaƙa kullum, 6.6 a rukunin kwatance. Japan ta amince da sargramostim na shaƙa don wannan cuta a 2024.

Sargramostim aka samo masa. An fara wanke huhun a wata na 28, don maganin ya iske makurofaj a jakunkunan da iska ke shiga, tunda hazon magani ba ya isa inda maiko ya toshe. Bayan wankin oksijin 72, DLCO kashi 57. A wata na 29 ya fara shaƙa bisa tsarin PAGE. Maganin furotin ne, ana ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 da 8, ba a bari ya daskare, ba a girgiza kwalbar bayan an narkar, ana juya ta ne a hankali.

A mako na takwas ma'aunai suka nuna ja da baya kaɗan, oksijin 70, DLCO 56. Kafin a ce maganin ya gaza, an sa ya kawo na'urarsa mai mayar da ruwan maganin hazo ya shaƙa a gaban ma'aikaciyar jinya. Abu uku suka fito. Yana amfani da takunkumin fuska maimakon bututun baki, don haka yawancin hazon a hanci da fatar fuska yake tsayawa. Ba ya wanke rariyar na'urar bayan kowane amfani, ƙananan ramukanta sun toshe, shaƙar da ba ta wuce 'yan mintuna ba tana kai shi minti 25, yana gajiya ya zubar da ragowar. Na uku, yana nan kan sigarinsa, kara biyar zuwa takwas. Aka sauya rariya, aka koya masa jan numfashi a hankali da zurfi ta baki yana zaune tsaye, da ɗauraye kan na'urar da ruwan ɗumi a shanya shi bayan kowace shaƙa. Aka ɗora shi kan varenicline, maganin barin sigari, na mako 12, ya bar sigari gaba ɗaya a wata na 32. A wannan watan ne kuma aka fara masa atorvastatin miligiram 20 saboda kitsen jininsa ya hau.

A mako na 24 oksijin ya kai 80, DLCO kashi 67, tafiya mita 490 ba tare da tukunya ba. Illar da ya ambata tari ne lokacin shaƙa da ɗan shaƙewar murya. Fararen ƙwayoyin jini ba su hau ba. An ci gaba da tsarin har wata na 41, inda oksijin ya kai 83, DLCO kashi 72, hazon CT ya ragu sosai, sai ɗan tabo a gindin huhu biyun.

Wata na 41 zuwa na 48: dakatarwa da komawa

Da ma'aunai suka yi wata shida ba su ja da baya ba, aka dakatar da shaƙar ana duba shi duk wata. Bai ji komai a jikinsa ba, amma a wata na 44 DLCO ya sauka zuwa kashi 63, oksijin 74, sinadarin LDH, wanda kan ƙaru idan cutar ta tsananta, ya hau a jini. Aka mayar da shi kan maganin ba tare da wanki ba. A wata na 48 oksijin 81, DLCO kashi 70, nauyi kilo 79, wata 20 ke nan rabonsa da wankin huhu. Antibodin yana nan a jininsa, maikirogiram 59.

Abin da ya yi aiki, abin da bai yi ba, da dalili

Magungunan nimoniya da na tibi ba su da abin da za su kashe. Hoton da ya yi muni fiye da yadda ƙirji ke sauraruwa, ba zazzaɓi, kuma bai motsa ba bayan mako shida, ya isa a nemi CT tun wata na 2. Da an leƙa huhun bayan CT na wata na 6, da an gano cutar kafin a taɓa prednisolone.

Prednisolone shi ne matakin da ya fi cutarwa. A yawancin cututtukan da garkuwar jiki ke haddasawa a huhu, kumburi ne matsalar, danne garkuwa kuma yana taimakawa. A PAP babu kumburin da za a danne. Makurofaj da fararen ƙwayoyin jini dama sun raunana saboda rashin GM-CSF, shi ya sa masu cutar suke kamuwa da Nocardia da fangas ko ba a ba su komai ba. Ba za a iya rantsuwa cewa sitiroyid ne ya kawo Nocardia ba, amma ya danne ragowar kariyar, ciwon ya bayyana a mako na bakwai, kuma ya jinkirta wankin da kusan wata uku. Ƙarfin da ya ji a farko tasirin sitiroyid ne a jiki gaba ɗaya, huhun bai sauya ba.

Wanki ya yi aiki duk sau ukun, cikin makonni, kuma babu maganin da zai maye gurbinsa ga mai oksijin 56. Sai dai maikon yake kwashewa, antibodin yana nan, don haka ya riƙe wata bakwai zuwa takwas kawai idan ba a bi shi da shaƙar GM-CSF ba. Rituximab ya yi abin da aka san shi da shi a jini amma bai kai ga huhu ba. Bayanin da ya fi dacewa shi ne ƙwayoyin da suka riga suka ƙosa suna ƙera antibodi, masu daɗewa a ɓargo, ba su da CD20, maganin ba ya ganinsu. Jagorar ƙungiyar likitocin numfashi ta Turai ta 2024 ta ajiye rituximab da tace jini a bayan wanki da shaƙar GM-CSF, ga wanda waɗannan suka gaza. A wannan lamarin rashin magani ne ya juya jerin, ya kuma ci wata bakwai.

Shaƙar GM-CSF ba ta rage antibodi. Tana kai sinadarin ne kai tsaye cikin jakunkunan iska da yawan da ya fi ƙarfin antibodin da ke wurin, makurofaj su ƙosa su koma narkar da maiko, kaɗan ne kawai yake shiga jini. Wannan ne ya sa rariyar na'ura da bututun baki suka zama ɓangaren maganin kansa, da an yanke hukunci a mako na takwas da an yar da abin da ke aiki. Ana iya cewa barin sigari ne ya gyara shi, ko atorvastatin da ake bincike a kansa saboda kitsen da ke taruwa cikin makurofaj, ko kuma cutar ce ta lafa da kanta kamar yadda take yi wa wasu tsiraru. Barin sigari tabbas ya taimaka. Amma tsakanin wata na 41 da na 48 bai koma sigari ba, bai daina atorvastatin ba, shaƙar kaɗai aka cire ma'aunai suka faɗi, aka mayar suka tashi. Mutum ɗaya ne, kuma ba a yi masa gwaji a makance ba, amma wannan ce hujja mafi ƙarfi a cikin fayil ɗinsa.

Yanzu yana kan shaƙa mako guda, hutu mako guda, ba a sa ranar dainawa ba. Ana auna DLCO da tafiyar minti shida da LDH duk wata uku, CT sau ɗaya a shekara saboda tabon gindin huhu, wanda idan ya yaɗu GM-CSF ba zai gyara shi ba. An rubuta masa cewa zazzaɓi, sabon kaki, ciwon kai mai naci ko rauni a gefe ɗaya na jiki suna buƙatar hoto da shukar kaki a ranar, a kuma shaida wa ɗakin gwaji ana neman Nocardia. A katinsa an rubuta kada a ba shi sitiroyid na dogon lokaci sai da sanin likitan huhunsa.